Babi na Biyar: Hawa Nawa Ne Daga Kinkinau?

Tambayi mazaunin Kinkinau nisan gidansa da wurin aikinsa, da wuya ya ba ka amsa da kilomita. Cewa zai yi hawa biyu ne, ko hawa uku. Na farko acaɓa ko Keke Napep daga cikin layi zuwa bakin titi, na biyu daga bakin titi zuwa Kasuwa, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, na uku kuma bas daga Kasuwa zuwa inda za shi, Kawo ne ko Kakuri ko Sabon Tasha. Kowane hawa da kuɗinsa, da jiransa, da cinikinsa. Da wannan ma'auni ake kama gidan haya a Kaduna, da shi ake zaɓar wa yaro makaranta. Har a cikin dangi akwai waɗanda ake leƙawa duk mako, akwai waɗanda sai suna ko ta'aziyya, ba don an ƙi su ba, sai don gidansu hawa uku ne.

Kinkinau tana yammacin gari, maƙwabciyar Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, a gefen babban titin Nnamdi Azikiwe wanda kowa ke kira Baifas. Tana arewa da kogin Kaduna, amma a takardar hukuma cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu take, tare da su Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badiko. Baƙo ya kan ruɗe a nan, domin a bakin mutanen gari kogi ne ke raba kudu da arewa, ba taswirar ƙananan hukumomi ba. A ido unguwar ba ta da nisa da tsakiyar gari. Mai ƙarfin ƙafa zai iya takawa har Kasuwar Barci bai galabaita ba. To me ya sa tafiya daga nan take yankewa gunduwa-gunduwa?

Sai an koma ga yadda aka kafa garin. Kaduna ba irin Kano ko Zariya ko Katsina ba ce, masu ganuwa da ƙofofi, inda hanyoyi ke shigowa ta kowace kusurwa su haɗu a kasuwa da ƙofar fada. Jirgin ƙasa ne ya kafa ta. Dogon da ya taso daga Baro, wanda ya isa Kano a 1911, ta nan ya ratsa. Gwamna Lugga ya ga ga ruwa, ga dogo, ga fili, ya ƙudura ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru, aka kammala ƙaura a 1917. A 1927 layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗe da shi a kudancin kogi. Gari ne da aka yi domin soja da akawu, aka jera shi a miƙe daga arewa zuwa kudu yana bin dogo. Barikoki da ofisoshi da unguwar Turawa suka samu wuri mai kyau, 'yan ƙwadago kuma aka tura su Tudun Wada, a hayin dogo ta yamma. Duk unguwannin da suka tsiro daga baya ta wannan ɓangare, har da Kinkinau, sun gaji wannan zama na bayan dogo.

Har yau babbar hanyar cikin gari ɗaya ce. Ka taso daga Kawo, ka biyo titin Ali Akilu, ka faɗa titin Ahmadu Bello, ka wuce Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka zaga shataletalen filin wasa, ka haye gada, ka miƙe titin Kachia har Sabon Tasha. Bas ɗin haya a kan wannan layi suka fi yawa, kuma Kasuwa ce cibiyarsu. Wanda gidansa ke kan layin ya huta, hawa ɗaya ya ishe shi. Wanda ke gefe dole ya fara biyan kuɗin da zai kai shi layin tukuna, sannan a fara maganar tafiya.

Zamanin Sardauna ya ƙara wa abin armashi. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai a 1980. Duk a kudu. Ofisoshin gwamnati kuma a arewa. Dubban mutane suka zama masu haye kogi safe da yamma, kuma a kan keke mafi yawansu suke yi. Dattawan da suka yi aikin masaƙa suna ba da labarin yadda kekuna ke cika gada lokacin canjin aiki, mai Raleigh yana ji da kansa kamar mai doki a hawan salla. A 1967 wani masanin tsara birane ɗan Ingila, Max Lock, ya miƙa wa gwamnati tsarin da zai ja ragamar garin shekara hamsin, har zuwa 2017. A wannan shekarar ce aka rushe gwamnatin Arewa aka yi jihohi goma sha biyu, yaƙin basasa kuma ya ɓarke. Garin bai tsaya jiran takarda ba. Yau ya malala cikin ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun.

Yanzu mu zo kan Baifas, domin ita ce rayuwar mutumin Kinkinau, kuma ita ce fargabarsa.

An yi ta ne domin manyan motoci su kauce wa cikin gari. Tirelar da ta ɗauko kaya daga kudu za ta Kano, tankar mai, motar shanu da ta taso daga arewa, kowace ta zaga ta bayan gari ta fita ta Mando da Kawo ba ta dami kowa ba. Lokacin da aka shimfiɗa ta, bayan gari ne da gaske. Amma titi ba ya zama shi kaɗai a ƙasar nan. Mai faci ya kafa rumfa, mai shayi ya ajiye tebur, aka yanka filaye, aka gina masallatai da makarantun Islamiyya da gidajen mai da shaguna. Daga Kabala ta Yamma zuwa Unguwar Mu'azu da Kinkinau, zuwa Bakin Ruwa, Asikolaye, Badiko, Kurmin Mashi, Panteka, babu inda za ka ga daji. Hanyar da aka yi wa masu wucewa ta koma titin ƙofar gida. Tirelolin kuwa ba su fasa bi ba, tunda ba su da wata hanyar. An ba da kwangilar Baifas ta gabas tun 2002 domin a raba musu nauyi, aka shafe sama da shekara ashirin ba a gama ba.

Ka tsaya a bakin titin da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe ka ga abin da wannan ke nufi. Yara 'yan firamare sun riƙe hannun juna, babbar cikinsu ba ta wuce shekara goma ba, ita ce mai duba hagu da dama. Tsohuwa da sanda ta kai tsakiya ta maƙale, gaba tanka, baya tifa. Mai baro ya turo kayan miya yana neman kafar da zai ratsa. Ɗan Napep ya yi arba da fasinja a ɗaya hannun, sai ya juya ya biyo hannun da ba nasa ba, don wurin juyawa na halak ya yi masa nisa. Direban tirela da ya kwana yana tuƙi, a lissafinsa kan babbar hanya yake. Mutanen unguwa kuma a lissafinsu ƙofar gidansu ce. Kowa da gaskiyarsa, amma idan aka yi karo an san wanda ke kwana a ciki. Mazauna unguwannin bakin Baifas sun sha tare hanya don fushin an kaɗe musu mutum, su zuba tudun rage gudu da hannunsu. Direbobi su yi ta tsinuwa, tudun ya fasa musu ƙarƙashin mota, cunkoso ya ƙaru. Ni dai ban ga laifin uwar da ta nemi a zuba tudu ba.

Shekara da shekaru titin ya yi ta mutuwa, ramuka suna kayar da manyan motoci, har gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Dangote aikin sake gina shi da kankare, kimanin kilomita 21, a madadin harajin da zai biya. Aiki ne da aka daɗe ana roƙo. Zan dawo kansa.

Abin hawan da ke ɗauko mutum daga cikin layi shi ma da tarihinsa. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970 sun sa mai keke ya sayi babur, mai babur ya sayi mota. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, sai abin ya juya: sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, tasi ta yi ƙaranci, mai babur ya fara ɗaukar mutane don ya cike gibin albashi. Da babura masu araha suka shigo daga Sin, masaƙu kuma suka fara rufewa, ta farkon a 2002, babbar cikinsu UNTL a 2007, sai acaɓa ta zama ma'aikatar da ba ta korar kowa. Mutumin da ya yi shekara ashirin a gaban injin saƙa ya koma bakin layi yana kiran fasinja.

Daga nan matsalar tsaro ta shigo. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, 'yan acaɓa da yawa suka kwararo Kaduna. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta yi dokar hana ta a cikin gari. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta hana hawa babur baki ɗaya na wata uku saboda 'yan bindiga, ta kuma taƙaita zirga-zirgar Keke Napep daga shida na safe zuwa bakwai na yamma. Kowace doka ta yi tasiri a manyan tituna, inda jami'an kula da hanya na KASTLEA suke. A cikin lunguna kuwa acaɓa ba ta taɓa mutuwa ba, saboda buƙatar da ta haife ta tana nan. Layin da ba kwalta, da damina ta zaizaye shi a watan Agusta, babu mai shigarsa sai babur. Mace mai naƙuda da tsakar dare, idan maƙwabci ba shi da mota, ba dokar da za ta kai ta asibitin Yusuf Ɗantsoho.

Keke Napep ce ta ci gajiyar hanin. 'Yar Indiya ce, ƙirar Bajaj ko TVS, ta shigo Legas zamanin Buba Marwa, ta bazu a ƙasa ta hanyar shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo, Kano kuma ta raɗa mata A Daidaita Sahu zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Ta zo wa mata da sauƙi ƙwarai. Matar aure da goyo da kayan cefane, wadda hawa bayan ɗan acaɓa ke yi wa nauyi, ta samu wurin zama cikin mutunci. Uku a baya, ɗaya a gefen direba, in an matsa biyu.

Fasinja ya kan ga kamar ɗan Napep zalunci yake yi in ya ƙara kuɗi. Gara a san lissafinsa. Da yawansu keken ba nasu ba ne. Ko dai yana kai wa mai shi balas kullum, ko an ba shi bashi ne a kan farashin da ya ɗara na kasuwa nesa, yana biya mako-mako har ya mallaka, in keken bai mutu kafin nan ba. Kafin ya ga ko sisi nasa, sai ya fitar da balas, ya sha mai, ya yanki tikitin ƙungiya da na hukuma, ya ajiye na bakanike. Shi ya sa ba ya son tafiya mai nisa. Gajeren zango ya fi masa, ya sauke ya sake lodi. Shi ya sa kuma kowane rukuni ke da iyakarsa, ɗan wannan tasha ba ya lodi a waccan. Abin da ke yanka wa fasinja tafiya uku, shi ne ke ciyar da gida uku. Duk mai son gyara harkar sufuri a Kaduna da bai fahimci wannan ba, zai sha mamakin irin turjiyar da zai gamu da ita.

A bas kuwa kwandasta ne sarki. Yana rataye a ƙofa yana kiran Kawo, Kawo, ko Sabo, Sabo, wato Sabon Tasha, ɗan kamasho na taya shi cika mota ya karɓi nasa. "Hajiya, a gyara a shiga." "Baba, da canji ko?" In ka kusa sauka ka ce akwai, ya buga jikin mota, direba ya taka burki ko a ina ne. Babu jadawali, babu tikiti, amma da wuya ka yi minti goma a kan babban layi ba ka samu mota ba. Gwamnatoci sun sha sayo manyan bas su mutu cikin 'yan shekaru don rashin gyara, waɗannan tsofaffin hayis kuwa suna nan suna ɗaukar gari.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba idan ana maganar sufuri a Kaduna, alhali kowane direba ya san shi. Rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011, sun sake raba mazaunin mutane. Musulmi da yawa suka bar kudu suka dawo hayin nan, Kiristoci da yawa suka bar arewa suka koma Sabon Tasha da Television da Romi da Narayi. Unguwanni irin su Rigasa da Kinkinau sun ƙara cika ta wannan hanya. Amma aiki bai ƙaura ba, kasuwa ba ta ƙaura ba. Mutum ya koma inda zai yi barci da ido biyu rufe, ya ɗauki nauyin ƙarin hawa har ƙarshen rayuwarsa. Gadojin kogi sun ƙaru: bayan tsohuwar ta kusa da filin wasa da ta kan Baifas, an samu ta hanyar Yakowa, an samu wadda ta haɗa Kabala Costain da Barnawa. Kuma in ana neman inda Bahaushe da Bajju da Bagwari da Bayarabe ke zama kafaɗa da kafaɗa kullum a garin nan, suna miƙa wa juna canji, to cikin bas ɗin Kasuwa zuwa Sabo ne.

Daga 2019 gwamnatin El-Rufai ta shiga aikin sabunta birni. An faɗaɗa tituna, an rushe tsohuwar gadar Kawo an yi sabuwa mai hannuwa da yawa wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2022, an yi gadar ƙasa a shataletalen Leventis. Wanda ya san gosulon Kawo na da ba zai raina wannan aiki ba. Sai dai mai mota ne ya fi morarsa, kuma masu mota su ne 'yan tsiraru. Faffaɗan titi ya rage wa mai tuƙi minti goma, ya ƙara wa mai tsallakawa faɗin da zai ratsa. Inda aka yi wa masu tafiya a ƙasa dakali, sau da yawa mai shago ya baza kaya a kai, ko wani ya ajiye mota. Keke kuwa, wanda ya ɗauki ma'aikatan garin nan shekara da shekaru, ba a ware masa ko taku ɗaya ba, ga shi Kaduna shimfiɗaɗɗen gari ne da ba shi da hawa da gangara masu wahala. Yau in ka ga babba a kan keke a Baifas, tausayinsa za ka ji, ba sha'awa ba.

Tashar jirgin Abuja da aka buɗe a Yulin 2016 a Rigasa take, can ƙarshen yamma. Jirgin kan cinye kilomita 186 cikin awa biyu da wani abu, a kujera mai sanyi. Amma kafin ka kai gare shi daga Kinkinau sai ka bi Baifas zuwa Bakin Ruwa, ka kutsa cikin Rigasa da cunkosonta, ko ka yi shatar Napep da kuɗin da zai sa ka yi tsaki.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Nan lissafin kowa ya rushe. Mai hawa uku ya mayar da shi biyu, ya taka na farkon a sayyada. Ma'aikaci mai mota ya jingine ta, ko ya riƙa ɗaukar fasinja a hanyar ofis don ya samu na mai. Iyaye suka cire yara daga makarantar nesa. A 2025 gwamnatin Uba Sani ta fito da manyan bas 100 masu aiki da iskar gas, ta fara ɗaukar ma'aikata da ɗalibai kyauta, kuma dogon layin da ake yi a wuraren tsayawarsu ya isa shaida cewa an taɓa inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Ana kuma maganar keɓe wa bas hanyarsu ta musamman daga Kawo zuwa Sabon Tasha.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Birnin Kuritiba na ƙasar Brazil ya fara shi a 1974, Bogota ta Kolombiya ta ɗauka a 2000, Legas a 2008, Darussalam ta Tanzaniya a 2016. Garin da ke miƙe a layi ɗaya irin Kaduna ya dace da shi sosai. Amma abin da ya sa na Kuritiba ya yi suna ba manyan motocin kaɗai ba ne. Ƙananan bas ne ke ɗebo mutane daga unguwanni su kawo su babbar tasha, fasinja ya sauya mota bai sake biya ba. Idan aka yi layin Kawo zuwa Sabo aka tsaya nan, wanda dama yake kan layi shi aka ƙara wa daɗi, mutumin bayan dogo kuma yana nan da kuɗin Napep ɗinsa na safe da na yamma. Hanyar da ta fi kusa ita ce a jawo 'yan Napep da ƙungiyoyinsu cikin tsarin, su zama masu ɗebo fasinja zuwa tasha a kan kuɗin da aka yanke, maimakon a ɗauke su abokan gaba da za a kora daga titi. An gwada kora a kan acaɓa, an ga iyakarta.

Saura batun kankaren Baifas. Ramukan da ake kuka da su, duk muninsu, suna tilasta wa tirela ta rage gudu. Titi mai santsi gudu yake ƙara wa mota, kuma yaran da ke tsallakawa makaranta ba su ƙara sauri ba. Don haka aikin bai ƙare ba ranar da aka zuba kankare na ƙarshe. Ana buƙatar gadojin ƙafa a inda mutane suke tsallakawa da gaske, ba inda ya yi wa ɗan kwangila sauƙi ba, masu gangara yadda tsoho da mai baro da mai keken guragu za su iya hawa. Ana buƙatar fitilun da ke ci da dare, da wuraren da Napep za ta tsaya ta sauke fasinja ba a tsakiyar hanya ba, da wuraren juyawa kusa-kusa don a daina bin hannun da ba daidai ba. Sama da duka, a gama Baifas ta gabas a mayar da manyan motoci can. Masu unguwanni da limamai da 'yan majalisar da ke wakiltar Kinkinau da Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, waɗannan ne abubuwan da ya kamata su riƙa kai wa Gidan Gwamnati na Sir Kashim Ibrahim da Abuja a rubuce, tun kafin a sake tare hanya saboda gawa.